Yadda Dilawar Mai Faci Ya Saita Zuciyar Gullu

Ni ne Rehmat, makaɗin Kot Mithu. Tun ina ɗan shekara goma sha biyar ba a taɓa yin kokawa a garinmu ba ni a bakin fage ba. Don haka in kun ji wani yana ba da labarin shekarar da Dilawar ya zama likita, ku tambaye shi inda yake tsaye a ranar. Ni dai a tsakiya nake, har da ni aka yi ɓarnar.

Dilawar facin taya yake yi a bakin titin Gujranwala, kusa da teburin Fazal mai shayi. Siriri ne, gashin bakinsa ya fi ƙirjinsa faɗi. Wata rana ya tafi Lahore bikin ɗan kawunsa a wani otal, ya ɓata hanya, ya faɗa wani zaure inda wata malama ke yi wa masu horar da 'yan wasa lacca. Ya ga ana raba shayi da biskit, ya nemi kujera. Minti ashirin ya yi kafin a gane ba a gayyace shi ba. Da waɗannan minti ashirin ɗin ya dawo mana.

Washegari da safe ya ɗauki gawayi ya zana wani abu a bangon Fazal.

"Mene ne wannan?" ya tambaye mu.

"Tozon raƙumi," in ji Fazal. "Kuma kai za ka wanke mini bango."

"Tudu ne, jahili. Nan ƙasa ta hagu, ɗan wasa ya yi sanyi, jininsa bai motsa ba, sai a kayar da shi. Nan ƙasa ta dama, ya yi zafi ya wuce kima, gaba na faɗuwa, hannu na rawa, nan ma a kayar da shi. Amma nan, a kan tudu, ko giwa aka kawo masa sai ya ga bayanta. Aikin kawai a san yadda za a saita mutum. Ni kuwa na sani. Ku daina ce mini mai faci. Likitan zuciyar 'yan wasa nake."

"Likita," in ji Fazal, "tayar keken da ka yi mini jiya ta sake sacewa."

Abin da ya sa ba mu yi dariya sosai ba shi ne Gullu. Gullu ne ɗan kokawarmu, ƙato mai shekara ashirin da huɗu, wuyansa kamar turmi. A wurin horo ba mai iya tsaya masa minti biyu. Amma da zarar ya ga taro, ya ji lasifika ta kira sunansa, sai leɓensa ya bushe, gwiwoyinsa su fara gaisawa da juna. Shekara uku ke nan Jabbar na ƙauyen Bhoma yana kayar da shi a bikin girbin shinkafa, kuma kowa ya san Gullu ya fi shi ƙarfi. Duk wanda ya ci, ɓauna ake ba garinsu. Mutanen Bhoma kuwa, don wulaƙanci, sai su ɗaure ɓaunayen a bakin hanyarmu, su raɗa musu sunayen dattawanmu. Akwai wata mai ido ɗaya da suke kira Inayat, sunan mai garinmu ke nan, Chaudhry Inayat. Kullum ya wuce a mota sai yaran Bhoma su yi ihu, "Inayat, taso ki ci dusa!"

Don haka da labarin tudu ya kai kunnen Chaudhry, ya sa aka kira Dilawar, aka kuma kira Ustad Mehr Din, tsohon da ke horar da Gullu, wanda kunnuwansa suka dunƙule kamar citta saboda tsufa a kokawa.

"Ranka ya daɗe, ba ni shi kwana goma," in ji Dilawar. "Jiki ba komai ba ne, zuciya ce komai. Ni ɗin nan da kake gani, in na saita kaina, sai in kayar da Jabbar."

Ustad ya cire bakin tukunyar tabarsa. "Kai ka taɓa kayar da wani abu ban da kofin shayi?"

"Ustad, zamani ya canza. Ku da mai da ƙasa kuka sani. Mu da ilimi muke aiki."

"Ku wa?"

"Mu likitoci."

Chaudhry ya tuna da ɓauna mai ido ɗaya, ya ce a ba shi Gullu.

Ranar farko aka zauna ƙarƙashin bishiyar mangwaro, rabin gari na leƙe ta katanga. Dilawar ya zo da injin auna hawan jini na surukarsa, wanda ya ɗauko ba ta sani ba. Maɗaurin ya ƙi zagaye damtsen Gullu, sai ya ɗaura masa a idon sawu. Injin ya yi kuka, ya nuna wasu haruffa, ya mutu.

"Kamar yadda na zata," in ji Dilawar. "To Gullu, rufe idonka. Ka ga Jabbar a gabanka. Ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Kama shi."

Gumi ya fara keto wa Gullu. Can sai ya yi nishi, ya kife daga kan benci.

"Me ya faru?"

"Ya kayar da ni."

"A cikin kanka? Kan naka ne fa! Tashi ka sake."

Sau uku suna karawa a cikin kan Gullu, sau uku Jabbar na ci. A na ukun har ya ce kafaɗarsa ta gurɗe, sai da aka shafa masa mai.

"To mu sauya," in ji Dilawar. "Ka mayar da shi ƙarami. Ƙarami sosai, kamar ɗan tsako. Yanzu danne shi."

Gullu ya daɗe ido a rufe, sannan ya ce a hankali, "Ba zan iya ba, Likita. Yana kallona. Uwarsa ma ba ta kusa."

Ustad ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi gida.

Rana ta huɗu aka koma koyon numfashi. A ja iska a ƙirga huɗu, a riƙe, a sake. Dilawar ne ya fara nunawa, ya riƙe ya wuce kima don ya burge matan da ke leƙe, jiri ya ɗebe shi ya faɗa kwalbatin ban ruwa. Rana ta bakwai ya ce dole Gullu ya saba da ihun taro, ya tara matan unguwa ya ce su yi ta zaginsa yana motsa jiki. Bai tuna cewa uwar Gullu, Rasulan Bibi, na cikinsu ba. Wata ta ce ƙafafunsa kamar na agwagwa, Rasulan Bibi ta cire takalmi, aka rabu da Gullu aka koma kan juna. Gidaje huɗu har yau ba sa gaisawa.

Ranar biki ta zo. An share fage a bayan gonar rake, an zuba ƙasa mai laushi, an kafa lasifika a kan tarakta. Mutane sun fi dubu biyu, wasu a kan rufin motoci. An ɗaure ɓaunar bana da furanni a ƙaho. Ƙananan 'yan kokawa suka fara, babbar karawa kuwa sai bayan la'asar.

A bayan rumfarmu Gullu na zaune a gadon igiya yana rawar jiki har gadon na ƙara. Dilawar ya ɗaura injin. Injin ya yi kuka ya mutu.

"Ya wuce tudu, ya gangara dama," in ji shi. "Sai an sauke shi."

Ya sa aka dama sardai, madarar ɓauna da 'yan kokawa ke sha da niƙaƙƙen almon mai kama da gyaɗa, da ɗan ƙwayar kashkash. Ustad cokali guda yake saka kashkash ɗin, don yana kawo barci. Dilawar ya zuba tafi biyu. Gullu ya shanye kwano uku. Aka yi masa tausa, aka rufe masa fuska da jiƙaƙƙen tawul, Dilawar na raɗa masa, "Kai kogi ne, kai gajimare ne."

Rawar jiki ta tsaya. Dilawar ya dube mu ɗaya bayan ɗaya yana murza gashin baki. Sai muka ji minshari.

Daidai nan lasifika ta ɗauka. Mai sanarwa wani ɗan gajeren malamin makaranta ne, Akhtar, wanda in ya riƙe makirfo ba ya saki. "Jama'a, saura minti goma sha biyar! Damisar Bhoma, Jabbar! Da zakin Kot Mithu, Gullu!"

Zakin Kot Mithu ya juya ya gyara kwanciya.

"Ya gangara hagu," in ji Dilawar. "Ba komai, a ɗaga shi. Rehmat, kawo ganga!"

Na kafa masa ganga a kunne na yi ta duka har sandata ta tsage. Gullu ya yi murmushi cikin barci ya ce, "Inna, ana ruwa." Aka aika wurin Fazal, ya kawo baƙin shayi mai kauri, aka ɗaga kan Gullu aka ɗura masa kofi bakwai. Ido ɗaya ya buɗe. Dilawar ya tura masa ɗanyen barkono uku a baki. Ido na biyu ya buɗe, ja wur.

"Bai kai ba," in ji Dilawar. "Saura fushi." Ya sunkuya kunnensa. "Gullu, ka san abin da ya ce? Ya ce gurasar uwarka, wai da ita ni nake facin tayar tarakta."

Gullu ya miƙe tsaye a hankali. "Wa ya ce?"

"Wancan!" Dilawar ya nuna can tsallaken fage, inda Jabbar ke shafa ƙasa a damtse.

Abin da aka yi rashin sa'a, a daidai lokacin Malam Akhtar ya ratso tsakiyar fage yana jan wayar makirfo, ya tsaya cak a saitin yatsan Dilawar.

Ban taɓa ganin mutum mai nauyin Gullu ya yi irin wannan gudu ba. Ya ture rumfa, ya tsallake igiya, ya sunkuci Malam Akhtar ya ɗaga shi sama da hannu biyu, yana ihu a kan gurasar uwarsa. Shi kuwa malam bai saki makirfo ba.

"Jama'a, an ɗaga ni! Ina sama yanzu! Daga nan ina hango masallacin Bhoma! Wa ya ce gurasa? Ni ban ce gurasa ba! Rasulan Bibi, wallahi gurasarki ta fi ta kowa laushi, faɗa masa!"

Mutum takwas muka taru kafin mu ƙwato shi. Aka jawo Gullu baya yana huci, yana neman wanda zai kama.

"Dama! Ya koma dama!" Dilawar na tsalle. "Ruwa! A kawo ruwa!"

Aka sheƙa masa bokiti huɗu na ruwan kwalbati. Ya tsaya. Sai cikinsa ya yi wata ƙara da na ji ta duk da kunnena na makaɗi. Madara kwano uku, shayi kofi bakwai da barkono sun gama shawara. Gullu ya dafe ciki, ya dubi Ustad da idon ban haƙuri, ya ruga gonar rake.

Mutanen Bhoma suka kwanta dariya. Alƙalin wasa ya duba agogo ya ce in Kot Mithu ba ta fito da mutum cikin minti biyar ba, a kwance wa Bhoma ɓauna. Chaudhry Inayat ya yi baƙi ƙirin a kujerarsa. Sai Jabbar ya karɓi makirfo daga hannun Malam Akhtar, wanda a karo na farko a rayuwarsa ya saki ba musu.

"Na ji an ce kuna da likita," in ji Jabbar. "Wai in ya saita kansa zai kayar da ni. To ga ni. Ya saita."

Mutum dubu biyu suka juyo. Dilawar na ƙoƙarin naɗe injin surukarsa a cikin tawul.

"Ranka ya daɗe, ai magana ce ta ilimi," ya ce wa Chaudhry. "Misali ne."

"Da kunnena na ji," in ji Chaudhry. "Minti biyar kawai nake so ka cinye mini. Ku tuɓe shi."

"Ban yi ɗumin jiki ba!"

"Ga sauran shayi," in ji Fazal.

Aka ɗaura masa banten Gullu na ajiya, sau biyar ya zagaye shi har da saura. Aka ɗauke shi cak aka dire a fage. Haƙarƙarinsa ana iya ƙirgawa daga kan rufin mota. Na fara kiɗa, don aikina ke nan.

"Numfashi, Likita!" matan unguwa suka yi ihu. "Ja ka riƙe!"

Ya rufe ido. Muna ji yana ƙirgawa: "Ɗaya, biyu, tara, Ya Allah, huɗu."

"Mayar da shi ɗan tsako!" in ji wani daga kan tarakta.

Jabbar ya tako a hankali ya miƙo hannu, gaisuwar da ake yi kafin a kama. Dilawar ya buɗe ido ya ga hannu kamar faranti yana nufo shi. Ya ƙwalla ƙara ya zura da gudu. Ya zagaye fagen sau ɗaya, sau biyu, Jabbar na tsaye a tsakiya yana juyawa yana kallonsa, hannunsa har yanzu a miƙe. A zagaye na uku bante ya fara warwarewa, jelarsa na jan ƙasa a baya. Jabbar bai yi komai ba illa ya ɗora ƙafa a kan jelar.

Dilawar ya yi juyi biyar kamar ana warware rawani. A na ƙarshe ya tsinci kansa a gabana, ba komai tsakaninsa da ƙauyuka biyu. Ya fizge gangata ya rataya a wuya, ya durƙusa a bayanta.

"Rehmat, don darajar iyayenka kada ka karɓa."

Ban san tsawon lokacin da aka yi ana dariya ba. Wani ya faɗo daga rufin mota. Alƙali ya manta da agogo. Surukar Dilawar, wadda ta gano injinta a cikin tawul, tana ƙoƙarin tsallake igiya mata biyu na riƙe ta.

Cikin wannan hali Gullu ya fito daga rake. Ba wanda ya ko dube shi. Ya tsaya a bakin igiya ya ga likitansa sanye da ganga, sai ya fashe da dariya har da hawaye, yana dukan cinya. Ustad ya matso kusa da shi. Ina jin su, don ba ni da aikin yi.

"Yaya cikin?"

"Ba sauran komai, Ustad."

"Gaban fa, yana faɗuwa?"

"Yana yi kaɗan."

"Bar shi ya yi. Nawa shekara talatin yana yi, duk ranar da bai yi ba ma nakan sha ƙasa. Ƙafarsa ta hagu yake fara turowa. Ita kaɗai za ka kalla. Je ka."

Haka aka yi babbar karawar ba kiɗa, don gangar na wurin aiki. Ba ta zo da sauƙi ba. Minti tara suna turniya, sau biyu Jabbar na kusa juya shi. Amma hannun Gullu bai yi rawa ba, kuma duk sanda ya ɗago ya hango Dilawar yana tafiya da baya da baya rungume da ganga yana neman hanyar fita, sai in ga kafaɗunsa sun saki. A minti na goma Jabbar ya turo ƙafar hagu. Gullu ya shige ƙarƙashinsa, ya ɗaga, ya shimfiɗa bayansa a ƙasa.

Muka kai ɓauna gida da furanninta. Rasulan Bibi ta raba gurasa kyauta, ta ba Malam Akhtar guda shida ta tsaya sai da ya cinye.

Kwana uku Dilawar bai buɗe shago ba. A na huɗu sai ga shi wurin Fazal, gashin baki a murje, ya zauna ya harɗe ƙafa. Chaudhry da Ustad na nan.

"To, kun ga aiki," in ji shi.

Fazal ya tsaya da buta a hannu. "Wane aiki?"

"Kuna tsammani kuskure ne? Duk tsari ne. Na kwashe idon taro daga kansa na ɗora a kaina, na sa shi dariya, ya hau kan tudu daidai. Har banten ni na sassauta shi da gangan. A Lahore darasi na ƙarshe ke nan, ba kowa ake koya wa ba."

Ustad ya buɗe baki, Chaudhry ya ɗaga masa hannu.

"Na yarda, Likita," in ji Chaudhry. "Wallahi na yarda. Shi ya sa jiya na zauna da dattawan Bhoma. Tunda maganin ya ci, ba za mu sauya shi ba. Baɗi ma kai za ka buɗe fage da Jabbar kafin Gullu ya shiga. Su ma sun amince da murna, har sun ce za su gayyato ƙauyuka uku."

Dilawar ya ajiye kofinsa a kan faranti.

"Ranka ya daɗe, baɗi war haka ina Karachi. Akwai wani taron likitoci."

"Zan aika mota ta ɗauko ka."

Aka watse, kowa ya kama gabansa. Ina ɗaure sabuwar igiya a gangata, don tsohuwar na ƙone ta, sai na ji mutum ya tsuguna kusa da ni. Ya waiga hagu, ya waiga dama.

"Rehmat," ya ce da raɗa, "in gaban mutum ya fara faɗuwa tun saura shekara guda, me ake yi masa?"

Na ce masa ni makaɗi ne, ban sani ba. Ya tambayi likita.